Tarihin Da Ya Tsaya A Ƙofar Gari Ba Zai Fisshe Ɗan Zango Ba

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin iyaye a Sabo ta Badun, da Agege, da Shagamu, da Anacha, da Fatakwal, duk ran da yaro ya gama digirinsa na farko ya zo ya durƙusa ya ce yana so ya zarce zuwa digiri na biyu a fannin tarihi. Sai uban ya dube shi sheƙeƙe ya ce, "Tarihi kuma? Ɗan wane ya zama likita, ɗan wane lauya, kai kuwa tatsuniya za ka koma karantawa da gemunka?" Daga nan sai a nuna masa hanyar kara ko ta shagon canji, a ce ya je ya koyi abin da zai ci da kansa. Yaro ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba," shi ke nan magana ta mutu.

Wannan uban dai shi ne wanda, ran da wuta ta tashi, za a nuna masa yatsa a ce shi baƙo ne, ya tattara nasa ya nasa ya koma inda ya fito, alhali kuwa a nan aka yanke masa cibiya, a nan kuma aka binne kakansa. Kalmar nan ta baƙo ta yi yawo a bakuna a Shagamu cikin watan Yuli na 1999, ta yi a Idi-Araba cikin Fabrairu na 2002, ta yi a Sabo ta Ile-Ife cikin Maris na 2017, ta sake yi a kasuwar Shasha ta Badun cikin Fabrairu na 2021, inda aka ƙone rumfuna da gidaje aka yi hasarar rayuka. To, ita wannan kalma hukunci ce ta tarihi. Mai jefa ta yana da'awar ya san wanda ya riga zuwa, da lokacin da ya zo, da sharaɗin da aka zauna a kansa. Wanda aka jefa da ita kuwa ba shi da abin mayarwa sai "haka na ji a bakin tsofaffi". Ya hana ɗansa koyon sana'ar da za ta ba shi amsa, sa'an nan yana mamakin yadda aka yi ya rasa bakin magana.

Kada kuwa a zaci abin ya tsaya ga ranar tarzoma kaɗai. Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama inda ya ga dama, ya kuma hana a nuna masa bambanci saboda asalinsa, amma shi ɗin dai, a sashe na 147, ya ce a ɗauki aƙalla minista ɗaya daga kowace jiha, wanda lalle ya kasance ɗan asalinta. Tun kuwa da Tsarin Mulkin 1979 ya kawo ƙa'idar rabon muƙamai tsakanin jihohi, takardar shaidar asali ta zama mabuɗin aikin gwamnati, da shiga soja, da samun tallafin karatu. Yaron da aka haifa a Sabo, jikan wanda aka haifa a Sabo, sai ya hau mota ya tafi wani gari na Arewa da bai taɓa kwana cikinsa ba, ya yi ta roƙo a ba shi takarda.

Ya kamata a fayyace abin da ake nufi da karatun tarihi mai zurfi, domin yawancin masu raina shi ba su san abin da suke rainawa ba. A zatonsu haddace sunayen sarakuna ne da shekarun da kowanne ya yi bisa gado, abin da maroƙin fada ya fi kowane ɗan jami'a iyawa. A digiri na biyu da na uku, inda ake yin abin bisa ƙa'ida, ba a tambayar ɗalibi abin da ya haddace. Ana fara tilasta masa ya fita daga gidansu, watau ya karanta tarihin ƙasashen da ba nasa ba da zamunan da suka yi nisa da nasa, ya kuma kama batu guda, kamar ciniki, ko bauta, ko ƙaura, ko yaɗuwar addini, ya bi shi ya ga yadda ya kasance a Masar, da Indiya, da Turai, da Barazil. Bayan haka a koya masa auna shaida: wa ya rubuta wannan takarda, don wa ya rubuta, me yake so ya ɓoye, me ya sa Razdan ya faɗi kaza a rahotonsa alhali waƙar malamin garin ta faɗi akasinsa, a ina labarin tsoho ya inganta, a ina kuma ya gauraya da son a ɗaukaka zuriyarsa. Sai ya koyi harshen da aikinsa ke bukata, ko Larabci, ko Yarabanci, ko Faransanci, ya share shekaru yana tonon takardu, ya rubuta kundi, sa'an nan a kira wani shehun malami daga wata jami'a dabam ya zo ya yi masa tambayar ƙure. Wanda ya tsallake wannan siraɗi, in ya ce abu kaza ya auku a shekara kaza, zai iya nuna fayil ɗin har da lambarsa. Malaman hadisi ba za su ga baƙon abu a nan ba, domin tantance mai ruwaya kafin a karɓi ruwayarsa tsohuwar al'ada ce a wurinsu, kuma tun a 1377 Ibn Haldun ya yi kashedi ga masu kwasar labari ba tare da aunawa ba.

Nijeriya ta taɓa sanin darajar wannan ilmi, a lokacin da take bukatar ta tabbatar wa duniya cewa mutanenta sun isa riƙon kansu. Har a 1963 wani babban malamin tarihi na Jami'ar Oxford, Hugh Trevor-Roper, yana faɗa a bainar jama'a wai Afirka ba ta da wani tarihi in ban da na Turawan da suka shigo ta. Kundaye ne suka ƙaryata shi. Kenneth Dike, mutumin Awka, ya sami digirinsa na uku a London a 1950, a 1956 kuma ya fitar da littafinsa kan ciniki da siyasa a yankin da kogin Kwara ke zuba cikin teku, inda ya nuna cewa sarakunan wurin masu dabara ne da manufa tasu, Turawa kuwa abokan cinikinsu ne kafin su zama iyayen gijinsu. Shi ne ya tsaya tsayin daka aka kafa gidan adana takardun tarihi na ƙasa a 1954, aka kuma kafa ƙungiyar masana tarihi ta Nijeriya a 1955.

Abin lura shi ne mutanen wancan zamani ba su ɗauki tarihin kowane yanki gadon 'ya'yansa su kaɗai ba. A Jami'ar Badun, a tsakiyar ƙasar Yarabawa, aka ɗora harsashin binciken Daular Usmaniyya irin na jami'a. Can Abdullahi Smith ya koyar tun daga 1955 kafin ya koma Zariya a 1962, a ƙarƙashinsa kuma Murray Last ya rubuta kundinsa kan Sakkwato, ya kammala a 1964, bayan ya daɗe yana ɗaukar karatu a gaban Waziri Junaidu da littattafansa. Can John Hunwick ya kafa cibiyar tattara rubuce-rubucen Larabci a 1964. Can R. A. Adeleye ya yi bincikensa kan mulki da hulɗar daular daga 1804 zuwa 1906, wanda aka buga a 1971. Babu wanda ya tambaye su takardar shaidar asali kafin su buɗe littafin Sarkin Musulmi Bello.

To, ina tarihin zango a cikin duk wannan? A nan ne abin kunya yake. Littafin da har yau duniya ke komawa gare shi in ana maganar Sabo ta Badun, Abner Cohen ne ya rubuta shi, haifaffen Bagadaza da ya yi aiki a Ingila, wanda ya zauna cikin unguwar a 1962 da 1963 ya fitar da littafinsa a 1969. Shi ya bayyana wa duniya cewa an keɓe Sabo a 1916, ya nuna yadda cinikin shanu da na goro ya tsaya bisa amana tsakanin maigida da dillali da baƙon da ya kawo kaya, yadda ake ba da bashin dukiya mai yawa ba takarda ba sa hannu, da yadda shigar mutanen unguwar ɗarikar Tijjaniyya a farkon shekarun 1950 ta zo daidai da lokacin da siyasar jam'iyyu ke girgiza ikon Sarkin Hausawa. Labarin fataken goro, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, Paul Lovejoy ne ya bi diddiginsa ya buga a 1980. Yadda goro irin na Gwanja ya shiga gonakin Yarabawa, Babatunde Agiri ne ya rubuta kundi a kansa a 1972. Babu laifi ga ko ɗaya daga cikinsu, sai ma godiya. Laifin yana ga masu gida da suka zauna har baƙi suka zo suka ƙidaya musu ɗakunansu. Cikin 'yan Arewa wanda ya fi kowa cancantar a tuɓe masa hula shi ne Mahdi Adamu, wanda ya yi digirinsa na uku a Birmingham, ya fitar da littafi a 1978 kan sawun Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma, ya bi su daga Nufe da ƙasar Yarabawa har Dahomey da Gwanja. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan, kuma 'ya'yan zango da suka ɗora a kan aikinsa ba su taka kara sun karya ba.

A ɗauki goro, tun da shi ne ya kafa zanguna da yawa a Kurmi, a ga ko mai zama wuri ɗaya zai iya ba da labarinsa. Asalin goron da Bahaushe ke so a dazukan Asante yake fitowa, a kai shi kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja, fatake su ɗauko shi bisa jakuna su yi watanni a hanya ta Bargu kafin su ga ganuwar Kano. Tsohon littafin tarihin Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, a ƙarni na 15. A 1874 sojan Ingila suka ƙone Kumasi, ikon Asante bisa Salaga ya karye. A 1892 yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga kanta, 'yan kasuwarta suka watsu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da Ankara. Goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko. Jirgin ƙasa ya isa Badun a 1901, ya isa Kano a 1911, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Manoman Agege da Ota, daga baya na Shagamu, suka ga inda riba take suka dasa irin, 'yan Arewa masu saye da ɗaurin huhu suka sauka kusa da gonakin. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, yana cikin waɗanda suka ci moriyar hanyar teku daga Ankara zuwa Ikko kafin gyaɗa ta ɗaukaka sunansa. Ashe ke nan mutum ba zai gane dalilin da ya sa kakansa ya sauka a Agege ba sai ya san abin da ya sami Kumasi a 1874, kuma ba zai san wannan ba sai ya tona takardun Ankara da na London, ya karanta waƙoƙin Alhaji Umaru Salaga, ya zauna da manoman Yarabawa ya ji nasu ɓangaren da harshensu.

Kafin goron Agege ma da sauran labari. Akwai Hausawa a tsohuwar daular Oyo, wasu 'yan kasuwa, da yawa kuma bayi masu kiwon dawaki da aski da tufkar igiya, waɗanda suka amsa kiran Afonja na Ilori a 1817. Akwai rundunar da Glover ya kafa a Ikko a 1863, wadda aka sa wa sunan Hausawa. Akwai waɗanda aka haura da su teku zuwa Bahia ta ƙasar Barazil, inda Hausawa suka ƙulla tawaye a 1807, suka kuma shiga babban tawayen Musulmi na 1835, wanda Yarabawa ne suka ja gabansa. Takardun shari'ar waɗannan mutane suna can da harshen Fotugal, har da layun da aka samu a jikinsu, kuma wani masanin ƙasar, João José Reis, shi ya rubuta labarinsu. Bayarabe da Bahaushe sun mutu a sahu ɗaya a titunan Bahia shekara 186 kafin jikokin danginsu su ƙone wa juna rumfuna a Shasha.

Saboda haka ƙorafin bai tsaya kan iyaye kaɗai ba, jami'o'i ma suna da nasu kason, kuma ba ƙarami ba ne. Tun da aka yawaita jihohi kowace ta buɗe jami'arta, sai aka wayi gari a wurare da dama ɗalibi ɗan gari ne, malamin da ke duba aikinsa ɗan gari ne, batun kuma tarihin gari ne. Tarihin masarautar kaza daga 1903 zuwa 1960. Gudummawar hakimi wane ga ci gaban gundumar kaza. Ana sauya sunan gari da na sarki, sauran kundin kuwa kamar an buga shi da hatimi ɗaya. Ɗalibi ya yi hira da baffanninsa, ya kwafo rahoton Joji, ya karɓi digiri bai taɓa ƙetare Kwara ko Binuwai ba, bai kuma koyi harshe ko ɗaya ban da nasa da Turanci ba. Tarihin gari abin bukata ne, babu mai musu, domin da tubali ake gini. Amma irin wannan kundi da ba ya leƙa waje, ƙarshensa yakan zama makami a rigimar sarauta da ta filaye, domin tambayar da ya iya amsawa guda ɗaya ce tak: wa ya fara sare dajin nan? Ɗan zango kuwa ba shi da rabo a wannan tambaya ko'ina. A Kudu ba shi ya sare dajin ba, a Arewa kuma kakansa ya bar gari tun ba a haifi masu rubutun ba. Tarihinsa na hanya ne, da mashaya, da tasha, da masauki, kuma ba ya ganuwa sai ga wanda aka horar ya duba ƙasashe da yawa a lokaci guda.

Wannan ƙunci shi Yusufu Bala Usman ya yi ta yaƙa a Zariya har ya rasu a 2005. A kundinsa na Katsina, wanda aka buga a 1981, ya ƙi yarda da fassarar Turawa ta cewa jihadi faɗa ne kawai tsakanin ƙabilar Fulani da ta Haɓe, ya nuna cewa al'umma abu ce da ake ginawa da ƙaura da sana'a da auratayya, tana sāke kama daga zamani zuwa zamani. Duk wanda ya san zango ya san gaskiyar wannan ba sai an gaya masa ba, domin wanda ake kira Bahaushe a Sabo sau da yawa kakansa Banufe ne, ko Babarbare, ko Buzu, ko Bazabarme, zaman tare da ciniki da salla suka mai da su abu guda.

Sai dai mai karatu ya sani, masanin da aka horar da gaske ba lauyan zango ba ne, kuma zai faɗi abin da ba a so a ji. Zai ce fataken da ake alfahari da su sun yi cinikin bayi tare da na goro da kanwa. Zai ce kalmar baƙo da ke ƙona zuciya a Badun ita ce ake jifan mutanen Sabon Garin Kano da ita, ya tuna da Mayun 1953, da kashe-kashen 1966, da ramuwar gayyar da aka yi a Kano a 1999 bayan rikicin Shagamu, a kan mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Zai ce Gana ta kori baƙi a 1969 zanguna suka yi kuka, Nijeriya kuma ta kori nata a 1983 ba ta tuna da kukan ba. Amma shi ne kuma zai tuna wa mutanen Inugu cewa a shekarun 1950 sun zaɓi Malam Umaru Altine, Bafulatani mai cinikin shanu daga lardin Sakkwato, ya zama magajin garinsu na farko. Domin ya faɗi na farkon ne ake gaskata shi in ya faɗi na biyun. Mai yabon gidansu kaɗai, ko ya faɗi gaskiya, ba mai sauraronsa sai 'yan gidansu.

Saura maganar abinci, wadda ita ce hujjar iyaye. Gaskiya ne digirin tarihi ba ya sa mutum ya yi kuɗi, kuma albashin malamin jami'a ba abin da za a yi wa ɗan kasuwa kwaɗayi da shi ba ne. Gwamnati ma ta taimaka wajen zubar da darajar fannin, da ta cire tarihi daga darussan ƙananan makarantu a 2009, sai a 2022 ta yi bikin mayar da shi, bayan yara masu yawa sun gama makaranta ba su san abin da ya haddasa yaƙin basasa ba. Amma ba a ce kowane yaro ya bar kasuwa ba. Unguwar da ta haifi ɗaruruwan direbobi da dillalai da 'yan canji ba za ta talauce ba don ta keɓe biyu ko uku masu kaifin ƙwaƙwalwa. Ran da aka kafa hukumar bincike bayan tarzoma, ko aka shiga kotu kan filin kara ko na maƙabarta, abin da ake ɗorawa bisa tebur tsofaffin rahotannin jami'an mulkin mallaka ne, da taswira, da wasiƙun da aka yi tsakanin sarakunan gari da Sarkin Hausawa. Ɓangaren da ke da wanda ya san inda takardun suke, ya kuma iya karanta su da idon tuhuma, shi ke fita da rinjaye. Ɗaya ɓangaren sai ya kawo dattijo mai shekara tamanin, lauya ya rikita shi da tambaya uku.

Attajiran zango ba su da rowa, kowa ya shaida. Suna gina masallatai, suna kai mutane Makka, suna zuba kuɗi a bikin naɗin sarauta har a yi ta labari. Kuɗin shanun tirela ɗaya zai ɗauki nauyin ɗalibi daga farkon digiri na biyu har ƙarshen na uku, da kuɗin koyon Yarabanci ko Ibo a rubuce, da na tafiya Ankara ya ga takardun Salaga. Sharaɗi ɗaya ya kamata a gindaya masa, watau kada ya yi karatun a jami'ar jiharsu, kada kuma a gaya masa abin da zai gano. Lokaci kuwa ba ya jira, domin tsofaffin da suka ga Sabo kafin samun mulkin kai suna ta ƙarewa, littattafan bashi na iyayen gida da wasiƙun ajami suna cikin adaka gara na ci, abin da gara ta rage kuma gobarar kasuwa ta ƙarasa. Takardun gwamnati na lardunan Gabas suna Inugu, na Arewa suna Kaduna, inda kuma Gidan Arewa yake tun 1970. Na lardunan Yamma da Ikko suna cikin harabar Jami'ar Badun, kuma daga Sabo zuwa ƙofar ginin tafiyar 'yan mintoci ce a mota.